Ra'ayin ɗalibai, ziyarar aji ko kundin aiki: da wanne za a auna malamin jami'a?

Duk lokacin da wani sashe a jami'a ko kwaleji ya zauna tsara yadda zai auna koyarwar malamansa, gardamar takan rabu gida biyu. Wasu su ce a raba wa ɗalibai fom a ƙarshen zango su ba kowane malami maki, tunda su ne a ajin tun makon farko har na ƙarshe. Wasu su ce yaron da bai gama sanin fannin ba, ina shi ina yanke wa farfesa hukunci, a bar malamai su auna junansu. Na zauna a irin wannan kwamiti fiye da sau ɗaya, kuma kullum sai an yi nisa da musu kafin wani ya tambayi abin da ya kamata a fara da shi: me za a yi da sakamakon? In so ake malami ya gyara darasinsa, akwai hanyar da ta dace da haka. In kuwa so ake a yanke ko za a ƙara masa girma, ko a sabunta kwantiraginsa, hanyar daban ce. Mafi yawan cutar da ake yi wa malamai da ɗalibai ta samo asali ne daga ɗora wa takarda ɗaya waɗannan ayyuka biyu.

Hanyoyin da ke hannu biyar ne: fom ɗin ƙarshen zango, jin ta bakin ɗalibai a tsakiyar zango, ziyarar aji daga abokan aiki, kundin aikin malami, sai auna abin da ɗalibai suka koya kai-tsaye. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin ita ce ta fi yaɗuwa, ita aka fi bincika, kuma ita aka fi ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta.

Fom ɗin ƙarshen zango

Ba sabon abu ba ne. Tun a 1927 H. H. Remmers na Jami'ar Purdue a Amurka ya wallafa sakamakon ma'aunin da ɗalibai ke ba malamai maki da shi, kuma daga shekarun 1970 abin ya bazu a jami'o'in ƙasar, daga nan ya tsallaka wasu ƙasashe. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Ba ya cin kuɗi sosai, ba ya cin lokaci, yana shafar kowane malami da kowane kwas, kuma yana fitar da lamba guda da shugaban tsangaya zai kalla cikin daƙiƙa biyar. Bayan haka akwai wata gaskiya da masu ƙyamar fom ba sa son ji: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokin aikin da ya leƙo aji sau ɗaya ba zai san cewa malam ya tsallake lakca huɗu a zangon ba, ko cewa jingar da aka karɓa tun mako na uku ba a dawo da ita ba har aka shiga jarrabawa. Ɗalibai su ne ganau a wannan.

Inda ake samun matsala shi ne a tambayar da ke ƙasan fom, wadda kusan kowane kwamiti ita kaɗai yake dubawa: "A taƙaice, yaya ingancin koyarwar wannan malami, daga 1 zuwa 5?" Shin wannan lamba tana nuna wanda ɗalibansa suka fi koyo?

An daɗe ana amsawa da e. A 1981 Peter Cohen ya tattara bincike 41 da aka yi a kwasa-kwasan da malamai da yawa ke koyar da darasi ɗaya, ɗalibansu kuma su zauna jarrabawa ɗaya. Ya sami dangantaka ta 0.43 tsakanin makin da aka ba malami da ƙoƙarin ɗalibansa, a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, 1 kuma ke nufin cikakkiyar alaƙa. Wannan lamba ta yi shekaru fiye da talatin tana yawo a takardun jami'o'i a matsayin hujja. Sai a 2017 Bob Uttl da abokan aikinsa a Kanada suka sake bin waɗannan bincike da waɗanda suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Suka gano cewa manyan lambobin daga ƙananan bincike suke fitowa, masu azuzuwa kaɗan, inda dace kaɗai kan iya haifar da alaƙa mai girma. Da aka lura da girman kowane bincike, alaƙar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Scott Carrell da James West a 2010, a kwalejin horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka. Wurin ya dace da bincike ƙwarai, domin ɗalibi ba ya zaɓar malaminsa, ƙuri'a ce ke raba su azuzuwa, manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce, kuma dole kowa ya ci gaba da kwasa-kwasan da ke biye. Sun bi ɗalibai sama da 10,000. Malaman lissafin da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar ajin farko sun sami maki mai kyau a fom, amma ɗaliban nasu sun fi yin rauni a kwasa-kwasan gaba da aka gina a kan wannan darasi. Malaman da suka fi gogewa kuwa, ɗalibansu ba su yi fice a jarrabawar farko ba, amma su ne suka fi ƙoƙari daga baya. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne wani malamin yana koyar da yadda za a ci jarrabawar da ke tafe, wani kuma yana kafa tushen da sai an yi gaba za a ga amfaninsa, fom ɗin kuma na farkon yake saka wa. A 2014 wasu masana tattalin arziki suka sami kusan irin wannan sakamako a Jami'ar Bocconi da ke Milan a Italiya, har suka ga yanayin garin a ranar cika fom yana taɓa makin da ɗalibai ke bayarwa.

Kada a ɗauka ɗalibai ƙarya suke yi. Ɗan Adam ne ba ya iya auna koyonsa daidai a lokacin da yake cikin yi. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa suka gwada wannan a ajin fiziks na Jami'ar Harvard. Aka koyar da darasi ɗaya ta hanya biyu: lakca mai santsi daga gwanin bayani, da kuma ajin da ake sa ɗalibai su yi ta fama da tambayoyi a ƙungiya kafin a warware musu. Da aka yi gwaji, waɗanda suka yi faman sun fi cin maki. Da aka tambaye su, sai suka ce sun fi koyo a lakcar. Wahalar tunani takan zo wa mutum kamar rashin fahimta, bayani mai daɗin ji kuma yakan zo masa kamar ya gane. Duk malamin da ya taɓa barin karanta wa ɗalibai darasi ya koma sa su aiki a aji ya san ƙorafin da ke biyo baya a makonnin farko. In makin fom ne zai yanke makomarsa, tsarin da kansa yana gaya masa ya koma hanyar da ta fi sauƙi.

Sai batun son rai. A Jami'ar Maastricht da ke Holan, inda su ma ƙuri'a ke raba ɗalibai ga malamai, an bincika fom kusan 20,000, aka wallafa sakamakon a 2019. Malamai mata sun sami maki ƙasa da na maza, musamman daga ɗalibai maza, kuma giɓin ya fi faɗi ga matan da suke sabbin shiga aiki da kuma a kwasa-kwasan da ke da lissafi da yawa. Alhali makin jarrabawar ɗaliban bai bambanta ba, ko mace ce ta koyar da su ko namiji. A wani gwaji na 2015 a Jami'ar Jihar North Carolina, a kwas ɗin intanet da ba a ganin fuskar malami, wani malami da wata malama sun yi musayar suna a wasu rukunan ɗalibai. Sunan namiji ya fi samun maki ko wane ne a bayansa, har a tambayar saurin dawo da jinga, alhali lokaci ɗaya aka dawo wa kowa da ita. Ɗalibai 43 ne kacal a wannan gwaji, don haka shi kaɗai ba zai isa hujja ba, amma ya zo daidai da abin da manyan bincike suka gani, har da wanda Anne Boring ta yi da dubban fom na wata babbar makaranta a Faransa. Ban da jinsi, an san girman aji, da ko kwas ɗin dole ne ko na zaɓi, da makin da ɗalibi ke sa ran samu, duk suna jan lambar sama ko ƙasa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake a hannun malami sai na ƙarshe. Shi kuwa na ƙarshen haɗarinsa a bayyane yake: hanya mafi sauri ta ɗaga makin fom ita ce sassauta jarrabawa.

Ko da babu son rai ko kaɗan, yadda ake sarrafa lambar kansa yana da gyara. A ɗauki malamai biyu, kowanne da ɗalibai 40. Na farko, ashirin sun ba shi 5, ashirin sun ba shi 1. Na biyu, duka arba'in sun ba shi 3. Matsakaicin makinsu ɗaya ne, 3, amma labarinsu ya sha bamban: ajin na farko ya tsage biyu, akwai abin da ke faruwa da ya kamata a bincika, na biyu kuwa bai burge kowa ba bai kuma ɓata wa kowa ba. Haka nan in aji na mutum 200 ne, 30 suka cika fom, ba a san ra'ayin ajin ba, an dai ji daga waɗanda wani abu ya motsa su, ko jin daɗi ko jin haushi. Tun da aka mayar da fom kan intanet wannan matsala ta ƙaru, domin masu amsawa sukan ragu idan aka kwatanta da lokacin da ake raba takarda a aji. Na taɓa zama inda aka shafe rabin sa'a ana tattauna bambancin 4.1 da 4.3 tsakanin malamai biyu, ɗaya yana da ajin dole na mutum ɗari da wani abu, ɗayan yana da ajin zaɓi na mutum goma sha biyu. Abin ya dame ni har yau, domin makomar mutum ce ake magana a kai. Akwai kuma dokar da wasu wurare ke kafawa cewa kowane malami ya wuce matsakaicin makin sashensa, wadda lissafi kansa ya hana ta cika.

Irin waɗannan hujjoji ne suka kai maganar gaban mai sasanci a Jami'ar Ryerson da ke Toronto, wadda yanzu ake kira Toronto Metropolitan. A 2018 mai sasancin, William Kaplan, ya yanke cewa ba za a yi amfani da fom ɗin ɗalibai a matsayin ma'aunin ingancin koyarwa wajen ƙarin girma ko tabbatar da malami a aiki ba, kuma a daina fitar da matsakaicin maki, a riƙa nuna yadda amsoshin suka rarrabu. Bai ce a jefar da fom ba. Ya ce yana da amfani wajen sanin abin da ɗalibai suka fuskanta a aji. A shekarar ce Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta sanar da komawa ga bitar abokan aiki wajen irin wannan hukunci, Jami'ar Oregon kuma daga baya ta maye gurbin tsohon fom ɗinta da wanda ba ya fitar da lambar awon malami. A 2019 ƙungiyar masana halayyar zamantakewa ta Amurka ta fitar da sanarwa mai irin wannan matsayi.

Ra'ayina shi ne a riƙe fom, a canza tambayoyinsa. A tambayi ɗalibi abin da ya gani da idonsa: an fara lakca a kan lokaci? An bayyana yadda za a raba maki tun farko? An dawo da jinga da gyaran da za a iya amfani da shi kafin ta gaba? In ka yi tambaya a aji, ana amsa maka cikin mutunci? Ana samun malam a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai? A cire tambayoyin da ɗalibi ba shi da hanyar sani, kamar ko malamin ya ƙware a fanninsa ko manhajar ta yi daidai da zamani. Wanda bai san fanni ba, ƙarfin murya da rashin in-ina kawai zai iya aunawa.

Jin ta bakin ɗalibai a tsakiyar zango

In gyara ake nema, wannan ce zaɓina, ba tare da wata-wata ba. Fom ɗin ƙarshen zango ihu ne bayan hari: waɗanda suka cika shi sun riga sun wuce, ba za su ci moriyar gyaran ba, kuma sun san haka, shi ya sa da yawa suke cika shi da gaggawa ko su huce haushinsu a ciki. A mako na biyar ko na shida kuwa, abin da suka faɗa kansu zai amfana.

Mafi sauƙin yinta shi ne malami ya raba 'yar takarda ba suna, da tambaya uku: me ke taimaka maka wajen koyo a wannan aji, me ke kawo maka cikas, me kake ganin za a canza. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce hanyar da aka tsara a Jami'ar Washington a farkon shekarun 1980: malam ya fita, wani abokin aiki ko jami'in cibiyar horar da malamai ya shigo na kimanin minti ashirin zuwa talatin, ya raba ɗalibai ƙananan rukunai su tattauna tambayoyin nan, sannan ya tattara abin da mafi yawa suka yarda a kai. Amfanin rukunin shi ne yana tace magana. Ƙorafin mutum ɗaya da ya kwana da fushi ba ya wucewa sai in sauran sun ce haka ne. Cohen ɗin nan da na ambata ya nuna tun 1980 cewa ba wa malami ra'ayin ɗalibai a tsakiyar zango yana ɗan ɗaga makinsa na ƙarshe, amma in aka haɗa da zama da mai ba da shawara su fassara sakamakon tare, ƙarin ya fi haka nesa. Takarda ita kaɗai ba ta koya wa malami abin da zai yi da "ba ma ganewa".

Sharuɗɗanta biyu ne. Na ɗaya, malam ya dawo aji a mako na gaba ya faɗi abin da ya ji, abin da zai canza, da abin da ba zai canza ba tare da dalili. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: in suka ce gwajin mako-mako ya yi yawa, kana iya barinsa yadda yake, ka bayyana musu cewa yawan tuno abu daga ka yana sa ya zauna fiye da maimaita karatu. Na biyu, sakamakon na malamin ne shi kaɗai. Ranar da aka ce a miƙa wa shugaban sashe kwafi, ranar hanyar ta mutu, domin ba wanda zai tona rauninsa da hannunsa ya kai wa mai yanke masa hukunci. Wannan shi ne iyakarta: ba ta da amfani wajen ƙarin girma, kuma bai kamata a nema mata ba.

Ziyarar aji

Malamai sun fi yarda da wannan, kuma tana da abin da ɗalibai ba su da shi: wanda ya san fannin zai gane in an kawo misali ba daidai ba, ko an tsallake matakin da sauran darasin ya dogara a kai. Amma yadda aka saba yinta ba ta da ƙarfin da ake zato. Ziyara ɗaya, wadda aka sanar tun mako guda, lakcar da aka fi shiryawa a duk zangon za ta gani. Mai ziyarar kuma abokin shan shayi ne, gobe shi za a ziyarta, sai abin ya koma cuɗe ni in cuɗe ka. In kuwa akwai tsohuwar gaba a sashen, an ba wani wuƙa ke nan. Ko da zuciya ɗaya aka yi, mutum yakan auna abokinsa da salon koyarwarsa shi kansa, shi ya sa masu ziyara biyu ba horo sukan fito da rahoto biyu mabambanta daga aji ɗaya.

Kuma kada ƙwararru su ɗauka su ba a ruɗarsu. A gwajin nan da aka wallafa a 1973 da ake kira lakcar Dakta Fox, ɗan wasan kwaikwayo aka ɗauko aka koya masa jawabi mai cike da saɓani da maganganun da ba su da ma'ana, ya gabatar da shi cikin fara'a da ƙarfin gwiwa. Masu sauraron ba yara ba ne, likitocin ƙwaƙwalwa ne da masana halayyar ɗan Adam da malamai, kuma sun yaba masa. Ana yawan kawo wannan labari don sukar ɗalibai, alhali manya ne aka yaudara.

Ana iya gyara ziyara ta yi aiki, sai dai da tsada: masu ziyara biyu aƙalla, ɗaya daga wajen sashen, ziyara fiye da ɗaya, ganawa kafin shiga aji don a san abin da malam ke son cimmawa, da takardar lura da aka amince da ita tun farko. Akwai tsarin COPUS da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya fitar tare da abokan aikinsa a 2013. Mai lura ba ya cewa darasi ya yi kyau ko bai yi ba. Duk minti biyu yana rubuta abin da malam ke yi da abin da ɗalibai ke yi: bayani, tambaya, rubutu a allo, sauraro, aiki a rukuni. A ƙarshe malam ya ga a takarda cewa minti 46 cikin 50 shi kaɗai ya yi magana, alhali yana zaton ajinsa na tattaunawa ne. Wannan ya fi "darasi ya yi armashi" amfani nesa ba kusa ba. Sai dai sashen da ke da malamai talatin ya lissafa sa'o'in da hakan zai ci kafin ya yi alkawarin yi wa kowa duk shekara.

Kundin aiki

A nan malami ne ke tattara shaidarsa: manhajar kwas, takardun jarrabawa da yadda aka raba maki, samfurin aikin ɗalibai na sama da na tsakiya da na ƙasa tare da gyaran da ya yi musu, taƙaitaccen ra'ayin ɗalibai, rahoton ziyara, da bayanin abin da ya canza daga bara zuwa bana da dalilinsa. Ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ce ta fara fitar da jagoran haɗa irin wannan kundi a 1980.

In hukunci za a yanke, nan ne ya kamata nauyin ya fi sauka, kuma ɓangaren da na fi ba muhimmanci shi ne takardun jarrabawa da aikin da aka gyara. Lakca ana iya yi mata kwalliya don baƙo. Jarrabawar bara kuwa an riga an yi ta, ba ta canzuwa. Wanda ya san fanni, in ya karanta tambayoyin shekara uku a jere, zai gane ko haddar darasi ake nema ko tunani, ko tambayoyin ake maimaitawa, ko abin da aka yi alkawari a manhaja shi aka gwada. Rauninsa biyu ne: gwanin rubutu yana iya ƙawata kundi fiye da aikinsa, kuma karanta shi yana cin lokaci. Maganin na farko a ƙayyade shafukan bayani, a bar kwamiti ya zaɓi kwas ɗin da zai duba takardunsa. Na biyun ba shi da magani, sai dai a tuna cewa ba kowace shekara ake duba ƙarin girman mutum ba.

Auna koyon kai-tsaye

Ita ce ta fi kusa da abin da ake nema, ita ce kuma ta fi wuyar samu. A fiziks akwai gwajin fahimtar ƙarfi da motsi da aka fitar a 1992, ana yinsa farkon zango da ƙarshensa a ga tazarar da aka ci. Da irinsa Richard Hake ya kwatanta kwas 62 masu ɗalibai sama da 6,000 a 1998, ya ga azuzuwan da ake sa ɗalibai aiki sun ci kusan ninki biyu na abin da azuzuwan lakca zalla suka ci. Amma fannoni da yawa ba su da irin wannan gwaji, kuma yawan waɗanda suka ci jarrabawar da malam ya tsara da kansa, ya kuma yi makinta da kansa, ba shaida ba ce. Hanyar tana aiki ne inda malamai da yawa ke koyar da kwas ɗaya da jarrabawa ɗaya, ko inda za a iya bin ɗalibai zuwa kwas na gaba. Ko a nan, ta fi dacewa da duba kwas ɗin gaba ɗayansa fiye da jera malamai, sai in ƙuri'a ce ta raba ɗaliban.

To, wanne za a ɗauka?

Malamin da ke son gyara ajinsa ba ya buƙatar izinin kowa: ya yi tambayoyin nan uku a mako na biyar, ya nemi abokin aikin da ya amince da shi su karanta amsoshin tare. Sabon malami a shekararsa ta farko da ta biyu, a ba shi wannan da ziyarar da ba ta shiga fayil ɗinsa, daga wanda ba ya cikin kwamitin da zai duba shi.

Kwamitin ƙarin girma ya fara da kundi, ya bi da rahoton ziyarar mutum biyu, sannan ya duba ra'ayin ɗalibai na zanguna da yawa, da adadin waɗanda suka amsa cikin adadin 'yan ajin, da yadda amsoshin suka rarrabu. Abin nema a ciki shi ne maganar da ke maimaituwa. In zango huɗu a jere ɗalibai daban-daban suna cewa ba a zuwa aji ko ana wulaƙanta mai tambaya, ruwa ba ya tsami banza, a bincika. In zango ɗaya ne maki ya faɗi, a tambayi malam me ya faru, domin sau da yawa shi ne zangon da ya gwada sabuwar hanya. Kalaman cin mutunci da suka shafi jiki ko jinsi ko harshen malami a cire su kafin takardar ta kai ga kowa.

Sashen da ba shi da ma'aikata ko lokacin yin duk wannan, kuma su ne mafi yawa, ya yi abu biyu da ba sa cin ko sisi: ya sauya tambayoyin fom zuwa abin da ɗalibi ya gani, ya daina jera malamai bisa matsakaicin maki. Daga nan ya ware ƙarfinsa na ziyara da karatun kundi ga mutanen da ake shirin yanke wa hukunci a wannan shekara, waɗanda da wuya su wuce huɗu ko biyar.

Waɗanda na fi jiye wa su ne malaman wucin-gadi da ake ɗauka zango-zango. Su ake ba manyan azuzuwan dole na shekarar farko, inda maki ya fi yin ƙasa ko wa ya koyar, su ne ba a ziyarta, ba a neman kundinsu, kuma lambar fom ita kaɗai ake kallo ranar sabunta kwantiragi. Kafin a sallami ɗayansu saboda wannan lamba, wani da ya san fannin ya shiga ajinsa sau biyu, ya karanta jarrabawarsa da aikin da ya gyara, sannan a kira shi a ji ta bakinsa.